Fashin Baƙi Kan Farfaɗo da Tsohon Jirgin Ruwa na Shaƙatawa a Abuja

Abuja ba garin bakin teku ba ne, amma duk wanda ya saba bi ta gefen tafkin Jabi da yammacin Asabar ya san cewa sha'awar mallakar jirgin ruwa mai inji ta shigo cikin masu hali na wannan birni, har da 'yan uwanmu waɗanda iyayensu ba su san wani jirgi ba sai kwale-kwalen fito. Sabon jirgin shaƙatawa mai ɗakin kwana da makewayi da ɗan madafi kuɗinsa da dala ake lissafawa, shi ya sa hankalin yawancin masu sha'awa yake karkata ga tsofaffi, ko dai waɗanda suka daɗe a ruwan Legas da Fatakwal, ko kuma na gwanjo da ake shigowa da su daga Amurka da Turai. Mai sayarwa yakan ce jirgin lafiyarsa ƙalau, fenti kawai yake so da sababbin kujeru. Wannan magana ba kasafai take tabbata ba, ko da mai faɗinta bai nufi yaudara ba, domin shi ma sau da yawa bai san abin da ke ɓoye a cikin kayan nasa ba. Matsayina a kan lamarin shi ne, kuɗin gyara na farko haƙƙin sassan da ido ba ya gani ne, ado kuwa sai an gama da su, domin jirgi yana ɗaukar rayuka ne a wurin da ba a fakawa gefen titi a sauka.

Mafi yawan tsofaffin jiragen da ke kasuwa da faiba aka ƙera su, wato zaren gilashi da ake jiƙawa da gam ɗin foliyesta, a shimfiɗa shi hawa kan hawa a cikin mazubi har ya daskare ya yi kauri. Wannan fasaha ta bazu ne daga ƙarshen shekarun 1950. A 1960 kamfanin Hatteras na Amurka ya fitar da jirgin faiba mai tsawon ƙafa 41, wanda a lokacin ana ganin girmansa ya yi wa faiba yawa, shekara guda bayan haka Bertram ya fito da nasa mai ƙafa 31, shi kuwa Grand Banks da katako ya ci gaba da aiki har 1973 kafin ya koma faiba. Jiragen wancan zamani suna da wata falala, domin maƙeran sun riƙa zuba kayan aiki da yawa, gangar jikin ta fito da kauri sosai, kuma wannan ne ya sa jirgi mai shekara 40 ko 50 yake iya cancantar a kashe masa kuɗi. Sai dai ƙarfin faiba ya jawo wani kuskuren fahimta, wato ɗauka cewa tunda ba ta tsatsa kuma gara ba ta cinta, to babu abin da ke samunta.

Ruwa yana shiga faiba. Fatar waje mai sheƙi ba ta tare shi gaba ɗaya, a hankali yake ratsawa cikin shekaru, ya tarar da ƙananan kogunan iska da ragowar sinadaran da ba su gama daskarewa ba tun ranar ƙira, ya narkar da su su zama ruwa mai tsami, wannan ruwan kuma ya ci gaba da janyo wani ruwan har fatar ta kumbura ta yi ƙuraje a ƙasan jirgin. Idan aka fasa ɗaya, ruwa mai warin tsami yakan tsarto, saboda haka a tsare ido. Ƙananan ƙuraje ba sa nutsar da jirgi, kuma bai kamata su firgita mai saye ba. Abin tsoro shi ne manya masu zurfi, waɗanda suka fara raba hawa da hawa. Maganinsu a kankare fatar baki ɗaya, a riƙa wanke wurin da ruwa mai daɗi a kai a kai don fitar da tsamin, a bar shi ya bushe na watanni, sannan a rufe da gam ɗin efoksi hawa da yawa. A nan yanayin Abuja yana da ranarsa, domin busasshiyar iskar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana yin aikin da a Turai sai an kunna na'urorin ɗumama kafin a samu. Wanda ya kankare jirginsa a ƙarshen damina ya bar wa hunturu shi ya yi dabara, wanda kuwa ya yi gaggawar shafa efoksi a kan jiƙaƙƙiyar faiba ya kulle cutar ne a ciki.

Amma babbar matsalar tana sama da ruwa, a daɓen jirgi da bangonsa na baya. Don a rage nauyi, maƙera ba sa yin daɓen da faiba zalla, suna sa faiba sama da ƙasa, su cusa icen balsa mai sauƙin nauyi ko filawud a tsakiya. Haka ma bangon baya, inda ake rataya inji ko inda ƙafar farfela take fita, da dogayen haƙarƙarin da inji yake zaune a kansu, galibi katako ne aka lulluɓe da faiba. Duk wani noti da aka ɗaure a daɓen, na ƙarfen dafawa ne ko na taga ko na wurin ɗaure igiya, rami ne da ya ratsa har cikin icen, kuma gam ɗin da aka toshe shi da shi yana bushewa ya tsattsage bayan shekaru. Ruwan sama ya bi ta nan ya shiga, ba shi da hanyar fita, icen ya ruɓe a ɓoye alhali sama tana ƙyalli. Jiragen da aka shimfiɗa wa icen tik a daɓe sun fi shiga wannan hali, domin a da da ɗaruruwan sukurori ake kafa shi, kowanne kuma ƙofa ce.

Hanyar ganowa ba ta da tsada. Ana ɗaukar ƙaramar guduma mai kan roba, a durƙusa, a bi daɓen taki ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasawa, kamar yadda mai sayen tukunyar ƙasa yake ƙwanƙwasa ta a kasuwa ya saurara. Wuri mai lafiya yana ba da ƙara siririya mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ya amsa da dum-dum, kuma idan aka taka shi da diddige ana jin yana lotsawa. Duk inda aka yi shakka sai a zagaye shi da alli, daga baya a huda ɗan ƙaramin rami daga ciki a duba garin da ya biyo bakin abin hudar: fari busasshe alamar lafiya ce, baƙi mai danshi da ke manne a yatsa kuwa ya gama magana. Akwai na'urar auna danshi da masu binciken jirage suke amfani da ita, kuma ina ganin kuɗin ɗauko irin wannan gwani ya duba jirgi tun yana Legas, kafin a biya ko sisi, shi ne kuɗi mafi albarka a duk aikin. Gyaran ruɓaɓɓen daɓe ya ƙunshi yanke fatar sama, a kwashe icen da ya mutu, a sa sabo, a mayar da faiba, sannan a cike bakin kowane rami da efoksi kafin a sake ɗaura noti. Idan kuwa ruɓar ta kama bangon baya da haƙarƙarin inji da daɓe a lokaci guda, shawarata a haƙura da jirgin komai arahar sa, domin sai an fitar da inji da tankuna da rabin kayan ɗaki kafin a kai ga wurin, kuma kuɗin zai zarce na jirgi mai lafiya. Araha ba ta ado.

Bayan gangar jiki sai ramukan da aka huda da gangan a ƙarƙashin ruwa, na shigar ruwan sanyaya inji, da na makewayi, da na janareta. Kowanne yana da bawul da tiyo, kuma jirage da yawa a inda aka ɗaure su suke nutsewa ta waɗannan wurare, ba tare da sun yi karo da komai ba. Tagulla iri biyu ce a wannan fanni. Akwai wadda aka haɗa jan ƙarfe da kuza, ita ce ta jirgi, akwai kuma wadda aka haɗa jan ƙarfe da zinki, irin ta famfon gida da ake samu a Dei-Dei, wadda ruwan gishiri yake tsotse zinkinta ya bar ta da siffarta amma babu ƙarfi. A kankare bawul ɗin da bakin wuƙa, idan ya nuna rawaya yana nan, idan ya nuna ja-ja mai kama da hoda to ya mutu, zai iya karyewa a hannu. Duk tiyon da ke ƙasa da layin ruwa a sauya shi ba tare da jayayya ba, a ɗaure kowane baki da kilif biyu na ƙarfen da ba ya tsatsa.

Inji shi ne abin da mai saye ya fi tsoro, alhali a wurinmu ya fi sauran sassan sauƙi. Injinan dizal na tsofaffin jirage, irin su Perkins da Cummins da Caterpillar 3208 da Ford Lehman da Detroit 6-71 wanda aka fara ƙerawa tun 1938, asalinsu na manyan motoci ne da taraktoci da janareto, kuma makanikai a Apo da masu gyaran manyan janareto sun san cikin yawancinsu. Fistin da nozul da famfon mai ba baƙi ba ne a gare su. Inda iliminsu yake tsayawa shi ne sanyaya inji, domin jirgi ba shi da lagireto. Ruwan da yake tafiya a kansa yake zuƙowa, ya bi da shi ta wata tukunya mai siraran bututu inda yake ɗauke zafin ruwan inji ba tare da sun gauraya ba, daga nan a watsa shi cikin bututun hayaƙi su fita tare. Abin da ke zuƙo ruwan wata 'yar farfela ce ta roba da ba ta wuce cikin tafin hannu ba. Idan jirgi ya daɗe a ajiye fikafikanta suna sanƙarewa a lanƙwashe, idan kuma aka tayar da inji a kan tirela babu ruwa, cikin ɗan lokaci kaɗan take ƙonewa, gutsattsarinta su tafi su toshe bututun. Wannan yana faruwa ne daidai lokacin da mai sayarwa yake cewa, "Alhaji, bari in tayar maka ka ji muryarsa." Amsar da ta dace ita ce a ce masa ya dakata sai an haɗa tiyon ruwa. Gwiwar bututun da ruwa yake haɗuwa da hayaƙi ma abin dubawa ce, domin tana cinyewa daga ciki, kuma ranar da ta huje ruwa yakan koma cikin inji ya lalata shi.

Jirgi mai injin fetur yana da nasa haɗari na daban wanda ya kamata a faɗa da babbar murya. Tururin fetur ya fi iska nauyi. A mota yana zubewa ƙasa iska ta kwashe, a jirgi kuwa yana taruwa a cikin ƙasan ɗakin inji, tartsatsi guda ya ishe shi. Saboda haka altaneta da kik da kafireto na jirgi an ƙera su ne yadda ba sa fitar da tartsatsi ko tururi, ko da a ido sun yi kama da na mota, kuma ƙa'ida ce a kunna fankar fitar da iska na minti 4 kafin a murza makulli. Makaniken da ya ce zai sa na mota don ya fi sauƙin kuɗi yana nufin alheri, amma kada a yarda. Tankunan mai su ma a leƙa su, na baƙin ƙarfe daga sama suke tsatsa inda ruwan daɓe yake ɗiga, dizal ɗin da ya kwana shekaru kuwa yakan tara ruwa da baƙar dagwalo a ƙasa, wadda ke toshe matata da zarar jirgi ya fara girgiza.

A kan wutar lantarki zan ɗan tsaya, domin nan ne ƙasar da jirgin ya fito take da tasiri. Jirgin Amurka an shirya shi ne don wuta mai ƙarfin bolt 120 da ke bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu kuwa bolt 230 ce mai bugawa sau 50. Taransifoma tana rage ƙarfin, amma ba ta sauya yawan bugawar, saboda haka na'urar sanyaya ɗaki da firiji da duk wani abu mai injin lantarki mai juyawa a ciki zai riƙa gudu ƙasa da yadda aka tsara shi, yana ɗaukar zafi, har ya ƙone kafin lokacinsa. Mafita mai ɗorewa ita ce a sauya waɗannan kaya da masu dacewa da wutarmu, a kuma sake lissafin fiyus da soket daga tushe. Ɓangaren batir, mai bolt 12 ko 24, galibi za a tarar da shi a cukurkuɗe, domin kowane mai jirgi da ya gabata ya ƙara tasa waya bai cire ta wanda ya riga shi ba. Wayar jirgi mai silili da yawa ce, kuma an shafe kowane sili da kuza don kada danshi ya ci shi, ita kuwa wayar gida mai sanda guda girgizar inji tana karya ta. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: idan wutar gida ta zurara daga jirgi zuwa ruwa, haɗarin ya fi tsanani a ruwa mai daɗi irin na Jabi a kan na teku, domin jikin mutum ya fi irin wannan ruwa saurin ɗaukar wuta, sai ta bi ta jikin mai iyo ta sandarar da shi ya nutse. Dole ne a sa na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara zurara, a kuma hana yara wanka kusa da jirgin da ke jone.

Sauyin ruwa yana taɓa wani ƙaramin abu mai muhimmanci. A jikin shaf, wato sandar da ke juya farfela, da ita farfelar ana ɗaura wasu dunƙulen ƙarfe da aka sa musamman don su cinye a madadin kayan jirgi masu tsada. A teku na zinki ake sawa, amma zinki idan ya zauna a ruwa mai daɗi yakan yi wani ɓawo ya daina aiki, saboda haka jirgin da ya baro Legas zai zauna a Abuja yana bukatar na maganiziyam, ko na alminiyam idan ana sa ran zai riƙa komawa. Kada a shafa musu fenti. Makewayin tsofaffin jirage da yawa kai tsaye yake zubarwa cikin ruwa, abin da ba za a lamunta ba a ƙaramin tafki da jama'a ke amfani da shi, don haka sai an sa tankin tara ƙazanta da za a riƙa kwashewa a tudu. Tsohon fentin ƙasan jirgi kuma guba ne da gangan, don ya hana gansakuka da ƙwarin ruwa mannewa, wani ma yana ɗauke da sinadarin da yarjejeniyar duniya ta haramta tun 2008. Yaran da za su kankare shi haƙƙinsu ne a ba su takunkumi na gaske da tabarau da safar hannu, a shimfiɗa tamfol a tattara garin, kada ruwan sama ya kai shi tafki.

Game da jirgin katako zalla, ra'ayina shi ne kada a kawo shi nan. Allunansa da danshi suke kumbura su matse juna, kuma hunturun da ke taimakon faiba shi ne zai busar da su su buɗe baki, ga ruɓa da ta fi son ruwan sama da ruwan tafki a kan na gishiri. Girman jirgi ma a auna shi da wurin da zai zauna. Tafkin Jabi ƙarami ne, hannun mutum ne ya tare shi, kuma jirgin da aka ƙera don ratsa teku ba zai sami filin sakewa a cikinsa ba, sai dai idan mai shi yana da niyyar kai shi Kainji ko Shiroro ko mahaɗar Neja da Binuwai a Lakwaja. Ɗauko shi daga Legas tafiya ce ta fiye da kilomita 700 a kan tirela, kuma idan ba a tallafe shi a kan ƙashin bayansa da wuraren da ke da haƙarƙari ba, ramukan hanya za su yi masa lahanin da teku ba ta yi masa ba. A auna tsayinsa a kan tirelar saboda gadoji da wayoyin wuta, a kuma zubar da ruwa da mai kafin a tashi.

Sai an kammala duk wannan ake kiran kafinta da mai kujeru da mai fenti, kuma a wannan fanni Abuja ba ta da ƙarancin hannu, masu aikin kayan ɗaki na Kugbo za su iya fitar da aikin da zai burge kowa idan aka ba su kayan da suka dace. A nan ma akwai iyaka. Katako mai nauyi da tayil da dutsen kan teburi suna da kyau a gida, amma a jirgi duk nauyin da aka ɗora a sama yana rage masa daidaito, ya ƙara masa shan mai. Bodi fila ta mota tana shan ruwa, ba ta da wuri a ƙasan jirgi. Efoksi a zafin Maris da Afrilu yana daskarewa a cikin kwano kafin a gama shafawa, wani lokaci har ya yi hayaƙi, don haka a riƙa dama kaɗan-kaɗan da sassafe, fentin ƙarshe kuwa a nisanta shi da ƙurar hunturu ko a yi shi a rufaffen wuri.

Rajistar jiragen da ke zirga-zirga a ruwayen cikin gida tana hannun hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja, kuma takardun mallaka da na kwastan ya kamata a gan su tun kafin ciniki ya faɗa. Rigunan kariya daga nutsewa na kowane fasinja, har da masu girman yara, da tukunyar kashe gobara da famfon kwashe ruwa mai tashi da kansa da wani na hannu, duk cikin kuɗin gyara ake lissafa su. Wanda ya tuna hatsarin jirgin ruwa na Patigi a jihar Kwara a watan Yunin 2023, inda sama da mutum 100 suka rasu a hanyar dawowa daga biki, ba zai ɗauki rigar kariya a matsayin abin da ake ƙarawa idan kuɗi ya ragu ba.

Ranar da za a mayar da jirgin ruwa, a bar shi a kan tirela ko a rataye yana taɓa ruwan, mutum ya shiga ciki da tocila ya shafa kowane bawul da kowane bakin tiyo da busasshen hannu kafin a sake shi. Idan an tayar da inji, abin farko da za a duba shi ne ko ruwa yana fita tare da hayaƙi. Daga nan a tafi a hankali, a ƙara wuta mataki-mataki har inji ya kai iyakar juyin da kamfaninsa ya rubuta masa, ana lura da agogon zafi da na mai. Idan ya kasa kaiwa, ko dai farfelar ba ta dace ba, ko jirgin ya yi nauyi, ko mai ba ya isa, kuma kowanne daga ciki sai an gano shi an gyara kafin a ɗauki iyali. Gwajin farko na makanike ne da matuƙi da mai jirgi kawai, da rana, kusa da gaɓa, kowa sanye da rigarsa.